Yadda na kai Sani awon jini

Gaisuwar sarauta daga ni Garba, zakin Fakku, zuwa ga Yaya Umaru da iyali da maƙwabta da mutanen Ikko kakaf! Ina gajiya, ya yara? Mu lafiya lau.

To ja gefe ka karanta kai ɗai, ƙanenmu Sani yac ce in gaya ma. Ka san ramar da ya yi. Gwamnati ta saki kuɗɗi, anka kawo awon ƙanjamau kyauta asibitin Kebbe, har da magani. Sani yaƙ ƙi zuwa, wai duk wanda anka gani ƙofar ɗakin awon nan, bakin gari ya gama da shi.

Sai nit tada abokan hirarmu, nic ce yau za a san matsoracin allura. Mu sha fuɗu munka yi layi, Sani tsakiya, wa za a nuna? Ni na fara miƙa hannu, ido rufe dai.

An samu ciwon gare shi, Yaya, amma da wuri, kuma a asirce anka gaya mai. Shina shan magani, jiya malmala ukku yat tashi da ita, har ya koma gona! A taya mu addu'a, a gaida kowa.

Ka aiko man agogo mai ruwan zinari. Ni ka tuna mai lokacin magani, kuma babban likita irina ba ya tsayawa duban rana.