Ɓeran da Bai Yi Ƙari Ba

Uwar yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ta bar kumburin? Ki gaida auta da mijinta. Ni dai ga ni, sai gajiyar da kika sani.

Kin sha tambayata me nake yi wa ɓeraye shekara talatin, ina ce miki dogon zance ne. To, yau ki ji. Akwai wani sinadari, purin, yana jikin kowane mai rai, har ni da ke. Farfesarmu tana liƙa masa iskar oksijin don ta ga ko zai kawo ciwon daji. Duk Litinin nake yi wa ɓeraye ashirin allurarsa a ƙarƙashin fata, wasu ashirin kuma ruwan gishiri, don a gwada. Ranar Alhamis in laluba bayansu ina neman ƙari.

Cikin masu sinadarin akwai wani da nake kira Liman, don ba ya faɗa, ba ya wawar abinci. In na ɗauke shi sai ya ɗora haɓarsa a babban yatsana. Uwar yara, tun mako na uku na kasa. Ruwan gishiri nake yi masa, in rubuta sinadari a littafin aiki. Na ce ɓera ɗaya, wa zai lura?

Yanzu wata goma sha huɗu. Sha tara sun yi ƙari, wasu kamar ƙwan zabo. Liman sumul. Farfesa ta kasa zama don murna, wai jikinsa na da sirrin da ke kashe dafin. Jiya ta dafa kafaɗata ta ce, “Baba, hannunka mai albarka ne.” Litinin za a farke shi a duba hantarsa, sannan ta sa ɗalibanta su bi sirrin shekara uku.

Sirrin kuwa ni ne. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Baban Ɓeraye

Uwar yara,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Na ji, ni na ja wa kaina. Ba sai kin faɗa sau uku ba.

Na gaya wa Farfesa gaskiya ranar Litinin da safe, tana sa safar hannu. Na so ta yi ihu in huta. Sai ta cire safar a hankali, yatsa bayan yatsa, ta zauna a kujerata mai karyayyar ƙafa, ta tambaye ni ko akwai wani ɓeran bayan Liman. Na rantse babu. Ta ce ta yarda da ni, amma ba za ta iya cewa duniya ta yarda da littafina ba, don haka duka arba'in ɗin sun tashi a banza.

Wannan ne ya hana ni cin abinci. Sha taran nan sun sha allura wata goma sha huɗu, tausayina ya zubar da wahalarsu. Wasu arba'in za su shigo wata mai zuwa, wani ne zai riƙe allurar. Na miƙa makullai, na bar aikin.

Da zan fita ta nuna kejin Liman ta ce, “Wannan ba na bincike ba ne, naka ne.”

Muna tafe Asabar, mu biyu. Don Allah ki kai kyanwar nan gidan auta.

Naki har kullum,
Baban Ɓera Ɗaya