A mayar wa Ladi begilarta

Zuwa ga Shugabar makarantar sakandaren gwamnati ta unguwarmu, nan Abuja.

Ranki ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina yi miki murnar kama aiki a makarantar nan, ina kuma gaida malamai da ƙoƙari. Ni ce mahaifiyar Ladi 'yar aji biyar, doya nake sayarwa a kasuwar Gudu. Sau biyu na zo ofishinki, masinja ya ce oga tana mitin. Shi ya sa na rubuta a fili, don sauran iyayen da abin ya shafa su ma su gani.

Na ɗaya. Shekara biyu da suka wuce Ladi ta daina zuwa makaranta. Da safe sai ta sa kayan makaranta ta fita, ta je ta laɓe a shagon kitso, lokacin tashi ta dawo gida. Sai da aka yi wata guda kafin in gane. Na yi faɗa, na yi lallashi, babanta ma ya yi nasa. Ta ce ita ce ta ƙarshe a aji, kullum dariya ake yi mata, me za ta je yi. Ni kaina a aji biyu na bar makaranta, na san inda hanyar nan take kaiwa, don haka raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na gaji, na zaunar da ita a rumfata.

A nan Malam Ayuba, malamin kiɗa mai kula da ƙungiyar badujalar makaranta, ya same mu. Ashe sunayen yaran da suka gudu ya kwashe a takarda yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya yana jin yadda Ladi ke kiran masu saye, murya har ƙarshen layi. Ya ce ƙirji irin wannan na begila ne. Ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar mazurari daga aljihu, wai bakin begila ke nan, ya ba ta, ya ce ragowar tana makaranta.

Na biyu. Ki san yadda mutumin nan yake aiki, domin ina jin ba a gaya miki ba. Bai taɓa tambayar yaro na nawa ya zo a jarrabawa ba. Kowace Juma'a bayan an tashi zai ɗauki rajistar ajujuwa da kansa. Wanda ya zo duk kwana biyar ya ɗauki kayan kiɗansa. Wanda ya yi fashin ko da kwana ɗaya, ya zauna a benci ya yi kallo. Ba bulala, ba zagi. Sau ɗaya tak Ladi ta zauna a bencin nan. Daga ranar, yarinyar da nake yayyafa wa ruwa kafin ta tashi, ita ke tashina. Akwai ranar da zazzaɓi ya kama ta, sai da na ɓoye takalmanta kafin ta yarda ta kwanta.

Na uku, kuma nan ne zuciyata take. Wata uku na farko mun sha azaba a gidan haya. Busar Ladi ba ta da maraba da kukan akuyar da aka taka wa jela. Maƙwabta sun kai ƙara wajen mai gida har ya gaji. Sannu a hankali abin ya fara zama waƙa, har waɗanda suka kai ƙarar suka koma fito da kujeru da yamma. Ranar wasannin makaranta na bara na rufe rumfa, abin da ban yi ba ko ranar da aka yi bikin ƙanwata. Da na hango 'yata a sahun gaba, kafaɗa a miƙe, begila tana ƙyalli a rana, wallahi ban san lokacin da na shiga fili ina rawa ba, sai da wani malami ya janye ni yana dariya. Ranar na yi farin cikin da ban taɓa yi ba. A ƙarshen shekara ta zo ta talatin da ɗaya, ta bar rabin aji a bayanta. Na yanka kaza. Wasu sun yi mini dariya wai ana yanka wa ta talatin da ɗaya kaza. E, ana yankawa, idan daga ƙarshe ta taso.

Na huɗu, ga kukana. Farkon zangon nan aka manna sanarwa da sa hannunki, cewa daga yanzu sai wanda ya zo na ɗaya zuwa na goma a ajinsa zai shiga ƙungiyar badujala, don ta zama ladan masu ƙoƙari. Na san da kyakkyawar niyya kika yi. Amma ranki ya daɗe, 'yan goman farko ko ana ruwa da ƙanƙara za su zo makaranta, ba sa bukatar begila ta jawo su. Waɗanda ta jawo su ne kika cire. Ƙungiyar kusan duk irin su Ladi ne, 'ya'yan masu rumfa da masu gadi da manoman da ke bayan gari. An karɓe begilarta ranar Juma'ar farko. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Makon nan sau biyu ta biyo ni kasuwa, wai kanta na ciwo. Na ga tana jera doya da kyau, hankalina ya tashi.

Roƙona ba shi da yawa. A dawo da dokar rajista yadda Malam Ayuba ya kafa ta. Idan dole sai an duba maki, a duba daga inda yaro ya taso zuwa inda ya kai. Kuma kafin ki yanke hukunci, ki ba su Juma'a ɗaya ki zauna ki saurare su. In ƙafarki ba ta motsa a ƙarƙashin kujera ba, na janye wasiƙata.

Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage Ladi ta zana jarrabawar gama sakandare. A zuriyarmu kaf babu macen da ta taɓa kaiwa nan. Na wanke kayan makarantarta, na goge, na rataye a ƙofar ɗaki saboda Litinin. Ni iyakata ke nan. Ko za ta sa su, wannan yana hannunki.

Allah ya yi miki jagora a sabuwar kujerarki, ya ba ki lafiya, ya raya miki naki 'ya'yan, ya nuna miki a kansu irin abin da na gani a filin wasan nan.

Wassalam.

Taki,
Maman Ladi, layin 'yan doya, kasuwar Gudu.