Shebur da Katakon da Ka Bari a But

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, duk da na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Wata goma sha ɗaya ke nan da ka tafi. Amma akwai labarin da ya cika mini baki, in ban ba ka ba, wa zan ba?

'Yarmu Ummi ta sauka lafiya, an samu namiji. Ka san mijinta Basiru ya samu aikin jinya can arewacin jihar, a wani ɗan gari bayan duwatsu, tafiyar awa biyar daga gidanmu na unguwar Morrisania a Bronx, kuma bas ba ta shiga can. Ummi ta ce in yi zamana saboda sanyi, za su nuna mini suna a waya. Suna a waya? Haihuwar fari, ga uba ya rasu, uwa ma ta ƙi zuwa? Wa zai dafa mata ruwan wanka, wa zai dama mata kunun kanwa? Na ce ko da rarrafe sai na isa kafin ranar bakwai.

Sai na ɗauki makullin motarka. E, ni. Ni ɗin da ka sha wuyar koya wa tuƙi ranakun Lahadi, har na taɓa yin fushi na bar ka da motar na hau jirgin ƙasa na koma gida. Tun da na samu lasisi ban taɓa wuce tsakanin gida da rumfata ta 125th Street ba. Hajiya Memuna, uwar Basiru, ta zo daga unguwarsu Morris Heights da ƙullin kayanta, ta ce jikan ba nawa ba ne ni kaɗai, duk abin da zai same mu ya same mu tare.

Da na buɗe but zan zuba kaya, na tarar da tarkacenka yadda ka bar su: shebur, katako biyu, igiya, bargo, jarka, da ledar dabino. Bari in faɗa maka gaskiya. Shekara ashirin ina yi maka dariya a kansu, wani lokaci ma a gaban baƙi. Ina cewa mutumin nan ya bar tuƙin babbar mota a hanyar Agadez, amma hamadar ba ta bar shi ba, yana jiran rairayi ya kama shi a tsakiyar Bronx. Sau biyu na fitar da shebur ɗin na ajiye wajen shara. Ka mayar da shi wurinsa. Ka san ni ce, ko? Ranar ma na so fitar da su don garin kunu da yajin jego su samu wuri, hannuna ya kasa. Har jarkar na cika da ruwa, kamar yadda nake ganin kana yi kafin tafiya.

Mun tashi da hantsi ranar shida. Da muka bar gari hanya ta fara hawa, ƙanƙara ta rufe komai, itatuwa sun sunkuya da nauyinta, duwatsu fari fat kamar an zazzage musu gari. Ban taɓa ganin kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba. Hajiya tana jan carbi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙofa, tana koya mini tuƙi ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba.

Wajen la'asar, a kan wata kwana can sama, na hango mota tsaye a gefen hanya. Ka tuna dokarka? Direban kirki ba ya wuce motar da ta tsaya a daji sai ya tambayi lafiya. Kafin in yi tunani ƙafata ta taka birki, na sauka gefe. Ashe gefen ba ƙasa ba ce, ƙanƙara ce ta cike kwari. Tayoyin gaba suka nutse har rabi.

Masu motar kuwa, wani Bature da matarsa ne, hoton duwatsu suke ɗauka! Lafiyarsu ƙalau. Hajiya ta kalle ni, ta ce ko a garinsu Kumasi ba a yin irin wannan kirkin. Waya ba ta kamawa, rana tana shirin faɗuwa, saura awa ɗaya da rabi mu isa, gobe da safe suna. Baturen ya ce in taka mai da ƙarfi. Na taka, taya ta yi ta juyi tana ƙara haƙa wa kanta rami.

A nan na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Dokarka ce ta jefa ni. Sai kuma labaranka suka dawo mini, waɗanda kake ba mu bayan sallar isha'i ina gyangyaɗi. Motar da ta kafe ba a yi mata faɗa, lallashinta ake yi. A haƙa gaban taya, a sa katako, a taka mai kaɗan kaɗan. Ashe ina ji. Na buɗe but, na tarar ruwan jarka ya daskare ya fasa ta. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kake juye ta duk lokacin sanyi. Amma shebur na nan. Na ɗaure zanina a kan wando, na haƙa, Baturen ya karɓa, ya haƙa, muka cusa katakon. Hajiya da matarsa suka tura ta gaba, ni na sa ribas a hankali. Motar ta yi nishi ta hau kwalta. Muka ba su dabinonka, suka ɗauki hoton shebur ɗin.

Mun isa ana kiran isha'i a wayar Basiru. Ummi ta buɗe ƙofa, ta ga motarka da ni a ciki, ta fashe da kuka. Kafin in cire takalmi na ɗora ruwan wanka.

Da safe limaminsu ya raɗa suna. Sunanka ne. Shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa kiran sunan nan ba, ka san al'adarmu. Da mutane suka watse na ɗauki yaron, na kai bakina kunnensa, na faɗa sau ɗaya. Ibrahim. Bai ko motsa ba, barcinsa yake yi kamar kai. Yanzu maigidana nake ce masa, kuma na gaya masa ya yi haƙuri, kakansa ya riga shi.

Na gode, Maigida. Na gode da Lahadin da ka ɓata a kaina, na gode da ba ka taɓa rama dariyata ba. Me ya hana ni faɗa maka haka kana raye? Ina nan wajen Ummi sai an yi arba'in. Na sayi sabuwar jarka, babu ruwa a ciki sai bazara. Shebur na wanke shi na mayar wurinsa, kuma duk wanda ya taɓa shi da ni zai yi.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu a inda ba sanyi ba zafi.

Matarka, direbar motarka,
Zuwaira