A Bar Wa Hafsatu Gurbi Ɗaya Cikin Huɗu

Zuwa ga Dakta, shugaban kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, Mancesta.

Salamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara lafiya, da marasa lafiyarka ma, waɗanda suka rage.

Ɗanjuma ne mai tasi na Small Heath. Ka san ni, kowa ma ya san ni, ba titin Bamingam da bai ɗanɗani tayata ba. Ni ne baffan Hafsatu, 'yar yayana da ta zo daga Funtuwa tana koleji nan wajena don ta shiga likitanci. Na rubuto a bainar jama'a ne don na buga waya har sakatariyarka ta fara gane numfashina.

Na ɗaya. Mai neman likitanci jami'a huɗu kacal ake bari ya zaɓa, ka fi ni sani. Bara na ɗauko yarinyar nan har Cheetham Hill can Mancesta, kuka zauna ku manya a kan shinkafa da rago, kuka cike mata huɗun tas. Ba wanda ya tambayi makinta. Tambayarku ɗaya, wane gari ne akwai namu da zai sa mata ido? Aka sa Mancesta don gidanka, Bamingam don gidana, Landan biyu don ƙanwar Hajiya da wani injiniya. Duk wurare ne da 'yan ƙasar waje ke turmutsutsu a kan 'yan kujerun da aka ware musu. Huɗun suka ce a'a. Ko intabiyu ba a kira ta ba.

Na biyu. Yarinya ba ta kwanta ba. Ƙaramar hukuma ta rufe laburaren unguwarmu wai ba kuɗi, ta dawo kicin ɗina da littattafanta, ga injin wanki ga ihun 'ya'yana, ta sake jarrabawar shiga. Da kanta ta binciko wata jami'a can arewa bakin teku wadda ta fi duba abin da ita ta fi ƙarfi a kai. Da ta gaya maka bayan Juma'a a unguwarku ta Levenshulme, cewa ka yi garin ba namu, ba naman halal, kuma ba wanda ya taɓa jin sunansa a Funtuwa. Dakta, tsakaninka da Allah, a Funtuwa wa ya san Levenshulme?

Na uku, kuma nan ciwon yake. Yayana ba ya jin maganar kowa sai mai Dakta a gaban suna, ni wai direba ne. Masu biya mata karatu kuma sun ce in bana ba ta samu ba, sai gida. Tsakiyar Oktoba ake rufe neman gurbin.

Roƙona ke nan. Ku riƙe uku, Allah ya sa albarka. Ku bar mata ɗaya ta cike da hannunta. Ka kira yayana da muryar nan taka ta asibiti ka ce ka yarda.

Zancen namu kuwa, ran Lahadi na taka mota har garin. Akwai masallaci a saman shagon kifi, na yi salla, na ci kifin. Suna neman 'yan tasi. In jami'ar ta ɗauke ta, ni da matata Maman Abba da firiza cike da rago za mu tare. Sai ka gaya wa kwamiti an samu namu, kuma babba.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana, ya sa ranar da ka tsufa Hafsatu ce za ta duba ka, ta tambaye ka ina ke ciwo kafin ta rubuta magani.

Wassalam.
Naka, Ɗanjuma.