'Yata Ba Ta Gyaran Talabijin

Zuwa ga Mudir, shugaban masana'antar da 'yata Ruƙayya take aiki,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan aiki lafiya. Ni ne mahaifinta, mazaunin Harra ta Yamma a Madina, tsohon mai ɗaukar jakunkunan alhazai a filin jirgi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya.

Na ɗaya, godiya. Ranar da kuka ɗauke ta na yanka rago, na raba gahawa da dabino har unguwar Masallacin Ƙiblatain. Ta bayyana mini cewa wasu ƙwayoyi kuke dafawa a manyan tukwane, ƙanana, ido ba ya ganinsu, kuma girman ƙwaya ke sa ta ba da ja ko kore a fuskar talabijin da waya. Na gyaɗa kai kamar na gane. Da na fita majalisa sai na taƙaita: 'yata aikin talabijin take yi.

Na biyu, abin da ya biyo baya. A unguwarmu, in ɗanka ya koyi sana'a, ta zama ta kowa. Ɗan Malam Isa bakanike ne, ba mai kai motarsa wani wuri. Yau talabijin tara ke jingine a ɗakin baƙina, da rediyo ɗaya, mai shi ya ce wadda ta iya babba ba za ta kasa ƙarami ba. Ni na karɓa da hannuna, ina ta cewa an gama. Dangi suka zo umra daga Kano, a kicin suka sha shayi.

Na uku, ƙorafin. Da ta zo hutu ta rantse ko bayan talabijin ba ta taɓa buɗewa ba. Na ce to ta kawo kwalba ɗaya ta ruwan nan mai walƙiya da na gani a wayarta, in nuna wa jama'a. Sau biyu ta nemi izini kuka hana, wai akwai guba, kuma sirrin kamfani ne. Ranka ya daɗe, ni da lambar wayata ma sai na duba takarda, wane sirri zan sata? Yanzu Hajiya Safiya, innarta da ta goya ta, tana cewa yarinya ta samu wuri ta yi girman kai. Ni a yi mini dariya, na saba, na kuma cancanta. Ita ba ta yi komai ba.

Roƙona biyu ne. Takarda da Larabci, mai ƙaton hatimi, a rubuta cewa aikinta haɗa launi ne, ba gyara ba. Sannan ku ba mu rana ɗaya, ni da Hajiya Safiya, mu zo mu leƙa ta bayan gilashi. In ta ga 'yarta cikin farar riga tana ba maza umarni, magana ta ƙare. Sai dai ku gargaɗi ma'aikata tukuna, guɗarta tana da ƙarfi.

Allah ya yi wa tukwanenku albarka, ya ba ka 'ya'ya masu faranta rai, ya tsare su daga uba mai baki irin nawa.

Wassalam.
Abu Ruƙayya, Madina