Dosiyen Rijiyoyin Alhaji Barmo

Gure, 3 ga Maris 1998

Yaya Zakari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Talho ɗin biro, wato wayar ofishinmu, ya mutu kwana tara, shi ya sa na ba direban Damagaram wannan takarda.

Babbar na'urar da ka haɗa mana, wadda ordinatir ukun nan, kwamfutocin biro, suke ajiya a cikinta, ta ƙi ɗaukar kwafi. Kullum da la'asar in sa kaset kamar yadda ka koya mini, ta yi gurnani, ta tofo shi waje, jar fitila ta kama. Sati uku ke nan. Ka san abin da ke ciki: dosiye, wato bayanan duk rijiyar da kamfanin Alhaji Barmo ya haƙa daga Gamu har Kelle, zurfinta, inda aka tarar da dutse, inda ruwa ya fito da kanwa. Ranar da ka haɗa ta ka ce ko jaki zai iya aiki da ita. To, ga ni na kasa. Ka zo.

Ƙanwarka,
Safiya

Damagaram, 7 ga Maris

Safiya,

Lafiya lau muke, a gaida Inna. Ba zan iya zuwa ba, aiki ya yi mini yawa. Na'ura ba ta tofo kaset haka kawai, akwai abin da kika yi ba daidai ba. Ki sa kaset ɗin wanki, mai share mata datti. Ki duba wayar baya ko ta kwance. Sannan ki duba gefen kowane kaset, akwai ɗan maɓalli. In ramin a buɗe yake, ba ta iya rubutu a kansa. Duk wannan yana cikin littafin da na bar miki, in da kina karantawa.

Yayanki,
Zakari

Gure, 16 ga Maris

Yaya Zakari,

Ina gaisuwa, amma a gajarce.

Maɓallin ne, kuma ba ni na taɓa shi ba. Alhaji ne. Wani ya gaya masa haka ake tsare kaset daga gogewa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe. Da na nuna masa, cewa ya yi, "Ai taimakonki na yi, 'yata." Na rufe su, na sa ɗaya, koriyar fitila ta kama, minti biyu ta ce ta gama. Har na yi hamdala.

Ranar Alhamis da hantsi kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo sau uku. A na ukun na'urar ta yi ƙas-ƙas, ba ta sake tashi ba. Na ɗauko littafin nan naka da ka ce ba na karantawa, na jona abin kaset a ordinatir ɗina, na juyo abin da ke ciki. Yaya, dosiyen 1996 ne kawai! Na juyo na watan Janairu, na Disamba, na damina, duk abu ɗaya. Ina aikin bara? Ina na bana?

Ma'azu, shugaban masu haƙa, yana Bune da mutum goma sha ɗaya da kamyo, babbar motar kayan aiki, yana jiran in aika masa awon wurin. Ya aiko cewa ba zai kafa inji da ka ba, don a gefen nan taku hamsin ne tsakanin ruwan daɗi da ruwan kanwa. Mutanen ƙauyen kuwa tafiyar awa biyu suke yi da jakuna kafin su sha.

Alhaji ya tsaya bakin ƙofa, gaban kowa, ya ce, "Tun da aka sa mace kan injin nan na san za a yi haka." Ya ce in ƙarshen wata ya yi babu dosiye, in ajiye masa makulli. Shekara biyar ina biron nan. Ka gaya mini abin da na yi ba daidai ba wannan karon.

Safiya

Damagaram, 19 ga Maris

Ƙanwata Safiya,

Na karanta takardarki sau uku, na ɗauko kundin aikina na duba. Ba ki yi komai ba. Ni ne.

Bara da na zo na ƙara faifai na biyu, na kwashe sabbin dosiye na mayar can, na manta ban nuna wa na'urar ta riƙa kwafar sabon ba. Tsohon kawai take ta ɗauka wata goma sha huɗu. Minti biyun nan ma ya yi kaɗan, da na ji shi tun da wuri da na gane, amma ban taɓa gwada juyowa ba ko sau ɗaya.

Kada ki kunna ta, kada ki bar kowa ya kunna. Mai yiwuwa tsohon faifan ne ya mutu, sabon yana da rai. Zan shigo motar Asabar. Ga wata takarda a ciki zuwa ga Alhaji, na rubuta masa komai da sunana. Ki yi haƙuri da maganganun da na yi miki.

Yayanki,
Zakari

Gure, 2 ga Afrilu

Yaya,

Da fatan ka isa lafiya. Na gama ƙirga abin da ka ceto: rijiya ɗari da talatin da ɗaya sun dawo, goma sha bakwai sun tafi. Na Bune yana cikin waɗanda suka dawo, Ma'azu ya kafa inji shekaranjiya. Sauran zan bi su da igiya da littafi in sake auna su bayan Sallah, ni da shi.

Alhaji bai ba ni haƙuri ba. Ya dai aiko mini da cinyar rago, ya kuma daina shiga ɗakin na'ura. Daga yanzu duk Juma'a sai na juyo dosiye ɗaya na gani da idona kafin in yarda da koriyar fitila.

Inna ta ce lallai ka zo Sallar Layya da yara. Ku zo. Amma ka bar jakar kayan aikinka a Damagaram.

Ƙanwarka,
Safiya