Tumatirin da Bai Je Anacha Ba

Daren Laraba, Kura

Yau ma tumatirina zai kwana a bakin titi. Tun shekaranjiya muka tsinke shi, ga zafi ya fara, na ƙasan kwando har ya soma ruwa.

Da hantsi na sami Bulus direba a ƙarƙashin motarsa. Ya daɗe yana kai mini kaya Anacha, amma kuɗin da ya yanka mini yau sai da na nemi wuri na zauna. Na ce, "Haba Bulus! Legas ta fi nisa, amma ta fi araha?"

Ya goge hannu ya ce, "Maigida, in na je Legas da lodi nake dawowa. Anacha kuwa kwanan nan wayam nake juyowa, man dawowar wa zai biya? Ga ramuka, ga kowace jiha da 'yan harajinta. Wallahi ba cutarka nake ba."

Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na rasa wanda zan yi fushi da shi. A Legas ban san kowa ba. Na kira mutumin da ke sayen kayana a Anacha, ya ce ba zai ƙara ko sisi ba.

Da na shigo gida, matata Hajara fuskata kawai ta kalla. Yanzu haka ina jin ta a tsakar gida tana wasa wuƙaƙe. Gobe za mu yanyanka tumatirin mu shanya, abin da na yi duk ranin nan ina ba shi ruwa.